Likita Banting, Wanda Ya Samo Allurar Ciwon Sukari

A ƙasar Shira da Azare da sauran ƙasar Katagum, da wuya yanzu ka shiga unguwar da ba a san ciwon sukari ba. Wani an hana shi sa sukari a koko, wani ya kan haɗiyi ƙwaya safe da yamma, wani kuwa kullum sai ya tsira wa kansa allura kafin ya karya kumallo. Ruwan da ke cikin allurar nan sunansa insulin. Masu amfani da shi suna da yawa, amma waɗanda suka san mutumin da ya sha wahala har aka same shi kaɗan ne. Ga shi kuma a kan ji ana tambaya, wai ko magungunan ciwon sukari su kan jawo ciwon daji a hanji ko a hanta. Sabo da haka muka ga ya kamata mu ba ku labarin Likita Frederick Banting, mutumin ƙasar Kanada, domin ya yi fama da cututtukan nan biyu. Ɗaya ya samo mata linzami, ɗaya ta gagare shi har ya mutu. Abin da zai ƙara jan hankalinmu, mu masu koyon aikin malanta, wajen shirin darasi ne dabarar ta faɗo masa.

Tashinsa da karatunsa

An haifi Banting ran 14 ga Nuwamba 1891, a wata gona kusa da garin Alliston cikin lardin Ontario. Ubansa manomi ne, shi ne kuwa auta a gidan. Ya tashi cikin shanu da dawaki, ya saba da aikin ƙarfi. A makaranta ba shi cikin masu haske, rubutunsa ma cike ya ke da kurakurai har girmansa. Iyayensa sun so ya zama limamin coci, ya shiga Jami'ar Toronto a 1910, ya faɗi jarrabawar shekarar farko. Bai yi zuciya ba. A 1912 ya koma sashen likitanci, nan ne ƙafarsa ta tsaya.

Yana cikin karatu aka fara Yaƙin Duniya na Farko. Aka gaggauta yaye ajinsu a Disamba 1916 don ana bukatar likitoci a fagen fama. A watan Satumba 1918, wajen yaƙin Cambrai a ƙasar Faransa, ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi a hannun dama. Aka ɗaure raunin, ya ƙi komawa baya, ya ci gaba da ɗinke waɗanda suka fi shi jin jiki. Sabo da wannan aka ba shi lambar jarunta.

Da aka gama yaƙi ya koyi aikin fiɗa a asibitin yara na Toronto. A watan Yuli 1920 ya buɗe ɗan ɗakin duba marasa lafiya a garin London na Ontario, ba Landan ta Ingila ba. Ya yi mako huɗu zaune kafin mutum guda ya leƙo. Abin da ya samu duk watan nan dala 4 ne. Ga bashin gida, ga maganar aure tana neman lalacewa. Tilas ya nemi aikin koyarwa na 'yan sa'o'i a makarantar likitoci ta garin.

Yadda ciwon ya ke a zamanin

Ciwon sukari tsohuwar cuta ce. Masu magani na ƙasar Hindu sun lura tun dā tururuwa ta kan taru a kan fitsarin mai shi, Ibn Sina kuma ya siffanta shi cikin littafinsa na likitanci. Amma ba wanda ya san inda tushensa ya ke sai 1889, sa'ad da waɗansu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, nan da nan karen ya kamu da ciwon. Tsokar nan likitoci na kiranta fankiriyas, tsawonta bai kai taƙi guda ba.

Aikinta biyu ne. Yawancinta tana yin wani ruwa mai narkar da abinci, ya bi ta wata 'yar hanya ya zuba cikin hanji. Sa'an nan a cikinta akwai waɗansu 'yan ɗigo-ɗigo kamar tsibirai, sai da madubin likita a ke ganinsu, wani ɗalibi mai suna Langerhans ya fara ganinsu a Berlin a 1869. Masana sun zaci tsibiran nan ne ke sakin wani abu cikin jini, wanda ke sa jiki ya iya amfani da sukari. Mutane da dama sun gwada tatso shi. Wani likita na ƙasar Romaniya, Paulescu, ya kai kusa ƙwarai. Amma duk abin da aka tatso ya kan zo da dauɗa, in an yi allurarsa sai zazzaɓi da ƙuraje.

To, yaron da ya kamu a lokacin nan da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Iyakar dabarar likitoci su rage masa abinci har ya koma fata da ƙashi, don a ja masa 'yan watanni. Iyaye na kallo, ko yunwa ta kashe ɗansu, ko sukari.

Daren shirin darasi

Ran 30 ga Oktoba 1920 Banting ya zauna yana shirin darasin da zai ba ɗalibai a kan yadda jiki ke sarrafa sukari. Shi ba gwanin fannin ba ne, don haka ya yini yana karatu kada ya ji kunya gaban aji. Da dare ya ɗauki wata mujallar likitoci da ta iso, ya ga bayanin wani likita, Moses Barron, a kan mutumin da tsakuwa ta toshe masa 'yar hanyar nan ta fankiriyas. Sashen da ke yin ruwan narkewa duk ya shanye, amma tsibiran suna nan lafiya lau.

Barci ya ƙi zuwa. Wajen ƙarfe biyu na dare ya tashi, ya kunna fitila, ya rubuta kalmomi 25 cikin littafinsa. Dabarar ita ce a ɗaure wa kare wannan hanya, a bar shi makonni har sashen narkewa ya shanye, sa'an nan a tatso abin da ke cikin tsibiran ba tare da ruwan narkewa ya ɓata shi ba.

Cikin watan Nuwamba ya tafi Toronto wurin Shehun malami John Macleod, mutumin Sikotlan, wanda duniya ta san shi a wannan fanni. Macleod ya ga saurayin bai karanta ko rabin abin da aka rubuta a kan maganar ba. Duk da haka daga baya ya yarda ya ba shi ɗaki, da karnuka, da ɗalibi guda ya taimake shi auna sukarin jini. Ɗalibai biyu suka jefa kwabo don a ga wanda zai fara, ya faɗa kan Charles Best, ɗan shekara 22.

Faman da aka sha

Suka fara aiki ran 17 ga Mayu 1921. Macleod ya nuna musu yadda a ke fiɗar, ya tsara musu hanya, ya tafi hutu ƙasarsu. Ɗakin ƙarami ne, ga zafi, ga wari, Banting kuwa ba albashi. Cikin mako biyu karnuka bakwai daga cikin goma suka mutu, har sai da suka riƙa sayen waɗansu a titi. Ran 30 ga Yuli suka yi wa wani kare da aka cire wa fankiriyas allurar abin da suka tatso, suka auna jininsa, sai ga sukari ya sauka.

Amma kare nawa za a yanka kafin a sami na mutum guda? A nan tashinsa a gona ya yi masa rana. Ya tuna manoma su kan bar shanu su ɗauki ciki kafin a kai su mayanka don su yi ƙiba, watau ba za a rasa 'yan tayi a can ba, fankiriyas ɗin ɗan tayi kuwa tsibirai sun yi yawa a cikinta. Suka je mayanka suka samo, ya yi aiki. A watan Disamba suka gwada ta babban sa, suka jiƙa da sifirit, ita ma ta yi. Ashe ɗaure hanyar nan da ya hana shi barci ba a ma bukatarsa. Dabarar ta sa shi a hanya ne kawai, gwaji ne ya kai shi. Wata karya da suka sa wa suna Marjorie ta rayu kwana 70 ba fankiriyas, da allura kaɗai.

Saura tacewa, wannan kuwa ya fi ƙarfin su biyu. Macleod ya kawo James Collip, masanin haɗa magunguna. Ran 11 ga Janairu 1922, a babban asibitin Toronto, aka yi wa wani yaro Leonard Thompson allurar da Banting da Best suka haɗa. Yaron bai wuce shekara 14 ba, nauyinsa bai kai kilo 30 ba. Sukari ya ɗan sauka kaɗan, maruru ya fito a wurin allurar, aka dakata. Collip ya duƙufa dare da rana. Ran 23 ga wata aka sake yi da tataccen ruwansa. Sukarin yaron ya faɗo, ƙarfinsa ya komo, ya fara cin abinci. Ya ƙara shekara 13 a duniya, ciwon huhu ya yi ajalinsa a 1935. Cikin watan Agusta aka kawo wa Banting wata yarinya, Elizabeth Hughes, 'yar ministan harkokin waje na Amurka, tana gab da shekara 15, nauyinta kamar kilo 20. Ta murmure, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ba ta rasu ba sai 1981. Aka sa wa maganin suna insulin, daga kalmar Latin mai ma'anar tsibiri.

Ɗaukaka da rigima

Ba za mu ɓoye muku ba, Banting mutum ne mai zafin rai da zargi. Ya ɗauka Macleod na so ya ƙwace masa suna. Ya yi faɗa da Collip a kan sirrin tacewa, har sai da aka rubuta yarjejeniya tsakaninsu. A watan Oktoba 1923 aka ba shi kyautar Nobel tare da Macleod, bai cika shekara 32 ba. Ya fusata don an bar Best, har ya so ya ƙi karɓa. Daga baya ya raba rabonsa biyu ya ba Best rabi, Macleod ma ya raba nasa da Collip. Masu tarihi da suka bi takardunsu daga baya sun nuna da ɗaya daga cikin huɗun nan ya rasa, da aikin bai kammala a lokacin ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da ya ke Banting ya daɗe bai yarda ba.

Amma wajen kuɗi ba a same shi da kwaɗayi ba. A 1923 shi da Best da Collip suka sallama wa Jami'ar Toronto takardar mallakar maganin a kan dala ɗaya ɗaya, don kada wani ya riƙe shi ya tsauwala wa marasa lafiya. Kamfanin Eli Lilly a Amurka ya shiga yin sa da yawa daga fankiriyas ɗin shanu da aladu. Majalisar Kanada ta yanka masa dala 7,500 ko wace shekara muddin ransa, Sarkin Ingila George na Biyar ya ba shi sarautar Sir a 1934. Da ya je Stockholm a 1925 ya yi jawabin kyautarsa, ya gaya wa jama'a a fili cewa insulin ba ya warkar da ciwon, riƙe shi kawai ya ke yi.

Ciwon da ya gagare shi

Jama'a suka zuba ido, suna jiran ya sake samo wani abin mamaki. Shi kuma ya sa ransa a kan ciwon daji. Tun 1911 wani likita a Amurka, Peyton Rous, ya nuna akwai wani irin ciwon daji na kaji wanda ƙwayar cuta ke kawowa. Banting da mataimakiyarsa Sadie Gairns suka yi shekaru suna dasa wannan ciwo a jikin kaji, suna neman abin da zai sa jiki ya ƙi shi. Kaji suka yi ta mutuwa. In ya ga kamar an dace, sai ya sake gwaji, abin ya rushe. Bai samo kome ba, bai kuwa fito ya ce ya samo ba, alhali da ya faɗa da duniya ta gaskata shi sabo da sunansa. In abin ya dame shi ya kan ɗauki kayan zane ya shiga daji da abokinsa A. Y. Jackson. Ma'aikatansa kuma suka yi aiki mai amfani a kan ciwon huhu da ƙurar dutse ke jawo wa masu haƙar ma'adinai.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi ya koma soja, ya shugabanci bincike a kan lafiyar matuƙan jiragen sama. Kafin tafiyarsa ta ƙarshe ya sadu da Collip a Montreal, a lokacin sun riga sun zama aminai. Daren 20 ga Fabrairu 1941 ya shiga jirgin yaƙi a Gander, cikin tsibirin Newfoundland, za shi Ingila. Ba su yi nisa ba injunan suka mutu, jirgin ya faɗi kusa da Musgrave Harbour. Matuƙin kaɗai ya tsira. Banting ya cika kashegari, ran 21 ga wata, yana da shekara 49. Matarsa Henrietta ta gama karatun likita bayansa, ta shugabanci wurin binciken ciwon daji a asibitin mata na Toronto daga 1958 zuwa 1971.

Magani da ciwon daji: ina gaskiyar ta ke?

Bayan Banting an gane ciwon sukari iri biyu ne. Akwai wanda tsibiran suka mutu, ya fi kama yara, ba makawa sai allura. Akwai kuma wanda insulin na nan amma jiki ba ya jin sa, ya fi kama manya masu ƙiba, shi ne ya fi yawa ko'ina. Don wannan na biyu aka samo ƙwayoyi, kamar metformin wanda Likita Jean Sterne ya fara ba mutane a Faris a 1957. Tun 1982 kuma aka fara sayar da insulin irin na mutum wanda a ke yi a masana'anta, ba daga dabba ba.

To, daga ina tsoron ciwon daji ya fito? A 2010 ƙungiyar likitocin sukari da ta likitocin daji na Amurka suka fid da rahoto tare, suka nuna mai iri na biyu ya fi sauran mutane haɗarin ciwon daji na hanta da na fankiriyas kamar ninki biyu, na babban hanji kuma ya ɗan fi kaɗan. Ƙiba da tsufa da rashin motsa jiki suna kiran cututtukan biyu gaba ɗaya. Har wa yau ciwon daji na fankiriyas ya kan fara ɓata tsibiran tun ba a san yana nan ba. Wani bincike na asibitin Mayo a 2005 ya nuna cikin waɗanda sukari ya kama bayan shekara 50, kamar mutum ɗaya cikin ɗari a kan same shi da wannan ciwo kafin shekara uku. Sai a ba mutum magani yau, ciwon ya bayyana baɗi, a ce maganin ne. Ganin ungulu a mayanka bai nuna ita ta yanka sa ba.

Hanyar raba gardama ita ce wadda Banting ya bi, watau gwaji. A 2009 aka zargi wani sabon insulin mai suna glargine. A lokacin ana cikin wani babban gwaji mai suna ORIGIN, an raba mutum 12,537 kashi biyu da ƙuri'a, kashi ɗaya na yin allurar, ɗaya ba ya yi. Bayan shekara shida aka ƙidaya a 2012, ciwon daji bai fi yawa a wani kashi ba. A 2013 aka zargi waɗansu sababbin magunguna, dangin exenatide da sitagliptin, da taɓa fankiriyas. Hukumomin magani na Amurka da na Turai suka tattara gwaje-gwajen dabbobi da na mutane, suka sanar a 2014 cewa abin da suka gani bai nuna maganin ke jawo ciwon ba, amma za su ci gaba da sa ido. Shi kuwa metformin, wani lissafi da aka yi a Sikotlan a 2005 ya nuna kamar masu shansa sun fi kuɓuta daga ciwon daji. Aka yi murna, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da shi a matsayin maganin daji ba. Ma'auni ɗaya ne a ke auna labarin tsoro da na murna.

Abin da za ku gaya wa mutanen garuruwan da za a tura ku koyarwa shi ne kada mai ciwon sukari ya ajiye maganinsa don jita-jita. Sukarin da aka bari ya hau shi ke makantar da ido, ya kashe ƙoda, ya sa a yanke ƙafa, wannan ba shakka a cikinsa. In da damuwa a kai wa likita, shi ya san wanda zai canja. Wanda ya ga yana ramewa ba dalili, ko idonsa ya yi rawaya, ko ciwon ciki na ratsa shi har baya, ko jini a bayan gida, ya hanzarta zuwa asibiti a Yana ko Azare, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. A ƙasarmu kuma manyan masu kawo ciwon daji na hanta su ne ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda a ke yi wa jarirai rigakafinta, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a rumbu.

A gaban gidan da Banting ya zauna a London an kunna wata wuta a 1989, an yi alkawari ba za a kashe ta ba sai ran da aka samo abin da zai warkar da ciwon sukari. Tun 1991 kuma duniya ta ke tunawa da masu wannan ciwo ran 14 ga Nuwamba, ranar haihuwarsa. A 2021 an kafa jami'ar koyon aikin lafiya a Azare, yaran da za su cika ta kuwa daga azuzuwanku za su fito. Cikinsu akwai mai kuskuren rubutu, akwai wanda zai faɗi jarrabawar farko. Kada ku yanke musu ƙauna, kada kuma ku shiga aji ba ku shirya darasi ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.